Direban da Ba Ya Cin Abinci

Ni ba ganin gine-gine ya kai ni Sisili ba. Na je ne in ɗauko 'yata. Gara in faɗi wannan tun farko, domin har yau in matata Hajiya tana nuna wa baƙi hotunan tafiyar a falo, cewa take yi yawon buɗe ido muka je. Ni kuwa sai in ci gaba da jan carbina.

Yarinyar ita ce autarmu. Yayyenta duk sun watse, wannan Abuja, wancan Legas, babbar tana gidan mijinta a Katsina. Gidan da na gina a Unguwar Rimi, da ɗakuna kamar zan buɗe makaranta, ya koma daga ni sai Hajiya sai maigadi. Auta ce kaɗai ta rage mai zama da ni a baranda bayan la'asar, tana yanke min farce tana musu da ni a kan abin da rediyo ya faɗa. Da ta samu gurbin ƙaro karatu a fannin zanen gine-gine a wata jami'a da ke tsibirin Sisili, can ƙasan Italiya, sai da aka haɗa ni da Yayana na Badarawa kafin na yarda. Sharaɗina guda ne: ranar da aka gama, a dawo gida. Ta ɗora hannunta a kan nawa ta ce ta yi alkawari.

Da karatun ya zo ƙarshe sai na fara jin wasu maganganu a waya. Yau malamarsu ta yaba aikinta, gobe akwai wani ofishi da ke gyaran tsofaffin gine-gine yana neman irinsu. Ba ta taɓa cewa za ta zauna ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Saboda haka da yayyenta suka haɗu suka ce za su kai mu bikin kammala karatunta, ni da Hajiya, ban yi gardama ba, duk da ba na son jirgi. Na sa aka yankar mata tikitin dawowa a jirgi ɗaya da mu, ban yi shawara da kowa ba. Ita kuma ta ce tunda mun zo, bayan biki sai mu yi mako guda ta zagaya da mu tsofaffin garuruwan da ta yi bincikenta a kansu. Na ce to. A raina na ce wannan lallami ne, so ake a nuna min daɗin ƙasar kafin a kawo maganar.

A filin jirgin Kataniya, can Sisili, muka fara ganin yaron da ya zama direbanmu. Dogo ne, siriri, ya sa kaftani da hula a cikin wannan zafi. Auta ta ce wani ɗalibi ne ɗan garinmu, yana da mota, shi zai taimaka ya tuƙa mu. Kafin ta rufe baki ya zube ƙasa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, gwiwa a ƙasa, har Turawa masu jan akwati suna kewaye shi suna waiwaye. Na miƙa masa hannu, ya kama da hannu biyu, kansa a sunkuye.

Na yi shekaru da yawa ina aikin gwamnati kafin in yi ritaya, kuma abu guda da ofis ya koya min shi ne duk wanda ya cika gaisuwa da fayil a hammatarsa. Tun a nan na sa masa ido.

Bayan biki, garin Noto muka fara zuwa. Ba zan zalunci garin ba, yana da kyau. Duk da dutse iri ɗaya aka gina shi, in rana ta karkata sai ya yi launin ƙosai da aka tsamo daga mai. Titi guda ne miƙaƙƙe, majami'u da gidajen manyan da a jere, kowanne da matakala masu faɗi. Auta ta ce girgizar ƙasa ce ta rushe garuruwan yankin sama da shekara ɗari uku da suka wuce, aka sake gina su da salon da ake yayi a lokacin, wanda suke kira Barok. Salon dai shi ne kada a bar bango ya huta. Ko'ina an nannaɗe dutse an murɗa shi kamar aikin wuyan babbar riga. A ƙarƙashin barandun sama kuwa an sassaƙa kawuna, ga zaki, ga doki mai fukafukai, ga wani tsoho ya gwale ido ya zaro harshe. Na ce mata, mutanen da ƙasa ta haɗiye wa gari, maimakon su ji tsoron Allah su yi gini mai sauƙi, sai suka dawo suna sassaƙa aljanu a ƙofar gida?

Ta yi dariya ta kama hannuna ta zagaya da ni bayan wani katafaren gida. Bayan fili ne fetal, ba ado ko ɗaya, bango kamar na sito. Ta ce da yawa haka suke, a fuska ake zuba ƙoƙarin. Na kalli direbanmu, wanda ya tsaya nesa da mu riƙe da robar ruwan Hajiya.

Wurin cin abinci ne abin ya fara fitowa fili. Shi ya zaɓi gidan. Ya ja mai kawo abincin gefe, suka daɗe suna magana da yarensu, ana ta wurga hannu. Aka kawo taliya da kifi da wani ganye. Ya gyara min kujera, ya zuba min ruwa, sannan ya ce, “Baba, bari in duba mota.” Bai dawo ba sai da aka kwashe kwanuka. Da yamma haka. Washegari da rana haka. Mota dai lafiyarta ƙalau, ni na zauna a gabanta, ko tari ba ta yi.

Na kwanta ina juya abin. Ko dai la'ada yake karɓa a bayan fage, shi ya sa yake kai mu inda ya ga dama. Ko kuma ya san abin da ke cikin tukunyar. Auta da bakinta ta ce a ƙasar akwai burodi da kayan zaƙi da ake yi da man alade, wasu kuma a zuba musu giya, sai an tambaya. To wa ke tambaya? Shi. Wa ke jin amsar? Shi. Wa kuma ba ya ci? Mutum ya kai ka gidan abinci ya zaunar da kai, shi ya zame, ai da walakin goro a miya.

Daga ranar na daina ci a waje. In an zauna sai in nemi shayi ba madara, in ɗauki inabi ko lemo. In mun koma masauki in buɗe akwatin Hajiya, wadda ba ta tafiya ko Zariya ce sai da guzuri, in jiƙa garin rogo a kofin gilashi, in marmasa ƙuli-ƙuli a kai. Tsohon ma'aikaci, mai fansho, a ƙasar Turawa, a ɗakin da rufinsa ke da zanen mala'iku, ina shan gari da cokalin shayi.

“Alhaji, kifi ne fa,” in ji Hajiya. “Kifin ma zarginsa kake yi?”

“Da me aka soya shi?”

“Da man zaitun. An tambaya.”

“Wa ya tambaya?”

Ta dube ni, sai ta juya ta ci gaba da ninke kaya.

Abin da ya ƙara min ƙarfi shi ne na lura ita ma Hajiya ba ta sake da yaron ba. Matar da ke hira da kowa, har da tsohuwar da ke share masaukinmu wadda ba sa jin yaren juna, in shi ne ya gaishe ta sai ta ja mayafi ta amsa a taƙaice, idonta a wani wajen. Auta kuwa ko kallonsa ba ta yi. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba, in tana son a tsaya sai ta ce, “Abba, da za a tsaya nan.” Na ji daɗi. Na ce ashe ba ni kaɗai na ga abin da na gani ba, su dai mata ne, ba za su faɗa ba.

Sai kuma wani tunani ya zo min wanda ya fi na abinci muni. A wani ƙaramin gari da muka ratsa, mun tarar da wata majami'a an kewaye ta da ƙarafunan hawa ana gyara. Wata Baturiya mai furfura, da hular kwano a kanta, ta sauko ta rungume Auta, ashe malamarsu ce. Suka yi ta magana, matar tana nuna Auta tana nuna ginin, ta dafa ƙirji ta ce min wani abu. Direban ne ya yi tafinta. Wai ta ce 'yata tana da ido. Maganar da ta yi ta fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Na tuna labarin da ake yi a majalisarmu ta masallaci, na samarin da ke zaune a Turai ba su da sana'a sai nema wa mutane takardun zama. Nan take komai ya haɗu a kaina: ga aiki, ga mai nemo takarda, ga uban da ake lallaɓawa da yawo. Muna shiga mota na ce, “Auta, kawo fasfo ɗinki in haɗa da namu, kada ya faɗi.”

Ta buɗe jaka ta miƙo min ba musu. Wannan ma bai kwanta min ba, domin yarinyar da ke musu da ni a kan hasashen ruwan sama ba ta saba miƙa abu haka ba. Na sa shi a aljihun 'yar ciki, da shi nake salla, da shi nake barci.

Modika gari ne da aka zuba a cikin kwari, gidaje sun hau gefen dutse biyu, rufin wannan shi ne dandamalin wancan. In ba ka hawa to kana sauka. Babbar majami'arsu tana can sama a ƙarshen wasu matakala da na tabbata wanda ya zana su ba shi da ciwon gwiwa. Sun yi suna da wani cakulan da ba ya narkewa a baki, sukarin yana ƙaras-ƙaras kamar an zuba yashi. Hajiya ta saya wa jikoki. Ni ban taɓa ba.

Da rana ta take aka zauna cin abinci a wata rumfa. Ya yi maganarsa da mai gidan, ya gyara min kujera, ya ce zai duba mota. Motar kuwa mun bar ta can ƙasa a bakin gari, amma da ya fita sai na ga ya yi sama. Na ba shi ɗan lokaci, na ce da su zan nemi inda zan kama ruwa, na bi bayansa.

A wannan lokacin garin kamar an yi shara. Kantuna duk a rufe, tagogi a rufe, sai shanya a saman lunguna da wata tsohuwa a baranda da ta bi ni da ido har na sha kwana. Ina hawa ina haki, ina tsara abin da zan faɗa in na same shi da mai takardu, ko yana ƙirga la'adarsa. Har na ji wani irin daɗi, irin wanda nake ji a ofis in na kusa kama ɗan kwangila.

Na same shi a bayan wata ƙaramar majami'a, zaune a matakala cikin inuwa, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Shi kaɗai ne. A gabansa takarda ce a buɗe da dunƙulen shinkafar nan soyayye da suke kira arancini, irin wanda aka ajiye min a rumfa na ture. Ci yake yi irin na mai jin yunwa ta gaske, hannu baka hannu ƙwarya. A gefensa kuma ga wata 'yar kwalba mai jan murfi da na sani sarai, domin a kicin ɗinmu na Unguwar Rimi aka cika ta. Yajin Hajiya ne.

Ya ɗago ya gan ni. Ban taɓa ganin mutum ya tashi da sauri haka ba. Ya kai hannun da ke riƙe da abincin bayansa, ya rarumi hula, ya durƙusa, duk a lokaci guda. Bakinsa cike yake. Ya kasa taunawa, ya kasa haɗiyewa, ya kasa gaishe ni. Ya dai sunkuyar da kai, ƙwayar shinkafa a gefen leɓensa, kunnuwansa kamar za su yi magana.

Na san wannan durƙuson. Ni ma na yi shi. Lokacin da nake neman Hajiya, na taɓa wuni a gidansu a Tudun Wadan Zariya, aka kawo tuwo har sau biyu ina rantsuwa a ƙoshe nake, don ba a cin abinci a gaban surukai. Da na fito na tsaya wurin mai tsire a bakin tasha, ina tsakiyar ci sai ga mahaifinta a kan keke. Yadda yaron nan ya yi da hannunsa, haka na yi da nawa.

Abin da ya zo bakina kawai na faɗa.

“Motar lafiya?”

Ya gyaɗa kai.

“To madalla.”

Na juya na fara sauka. Can na zauna a wani dakali. Haushi na ji, kuma na ji tsoro. Da ɗan damfara ne, da na san yadda zan yi da shi. Da aiki ne kawai, da na ce a'a, ga tikiti, ga fasfo a aljihuna. Amma wannan ba abin da ake riƙewa a aljihu ba ne.

Ban yi magana ba sai da muka koma masauki muka yi salla. Auta tana ɗakinta. Na rufe ƙofa.

“Tun yaushe?”

Hajiya ba ta tambaye ni me nake nufi ba. “Tun bara.”

“Wato kowa ya sani sai ni.”

“Yayanka bai sani ba. Yayyenta ma mata kawai.”

“Har da yajina aka ba shi.”

“Yajina dai. Yaro yana wuni da yunwa saboda kai, in zuba masa ido?” Ta zauna a bakin gado. “Shi ya ce ba zai turo manyansa ba sai ka gan shi da idonka, kada ka ce an yi maka sakiyar da ba ruwa.”

“To yanzu me aka yi min?”

“An nuna maka, Alhaji, kai ne ba ka duba ba. Yaro ya zube maka a gaban Turawa. Ya ƙi ci a gabanka. Ni na daina haɗa ido da shi. Ita ko sunansa ba ta kamawa. Me ya rage, a buga maka ganga? Da a Kaduna ne, da tun a ƙofar gida ka gane.”

Gaskiyarta, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da a zauren gidana yaron ya yi rabin abin da ya yi, da ko maigadi ya gane. Amma ban yi zaton kunya tana hawa jirgi ba. Na zo Turai da shirin haɗuwa da 'yan damfara da man alade, ban zo da shirin haɗuwa da suruki ba. Duk da haka ban yarda na yi kuskure gaba ɗaya ba. Na ce da walakin, kuma akwai walakin.

Ta ba ni sauran labarin ba tare da na tambaya ba. Gidansu a Malali yake, ubansa yana sayar da atamfa a kasuwa. Karatun noman rani ya kawo shi, ya kusa gamawa, kuma wani kamfani a tsibirin ya riga ya ɗauke shi aiki na wasu shekaru. A nan na ɗaga mata hannu. Na ji abin da nake son ji, ko in ce abin da ba na son ji.

Ragusa ce ta ƙarshe. Gari biyu ne, sabo a sama, tsoho a kan wani tudu daban, sai an gangara wasu matakala masu lanƙwasa sannan a sake hawa. Daga sama in ka hango tsohon garin, gidajen sun cure wuri guda, ƙubbar majami'a ta fito a tsakiyarsu. Auta ta yi ta bayani, wannan ginshiƙi kaza, waccan taga kaza. A ranar ne na fara sauraronta da gaske. Ta san abinta. Tana magana tana shafa dutsen da tafin hannu, na ga yadda take son wurin, na ji kishin garin kamar mutum ne.

A ƙarshen garin akwai wani lambu mai dogayen itatuwan dabino da ba sa 'ya'ya. Hajiya ta tsaya ɗaukar hoto, yaron ya yi nisa kamar kullum. Muka zauna a benci ni da ita. Irin wannan magana ba uba ne ke yin ta da 'yarsa ba, ni ma ban yi niyyar yi ba.

“Jirginmu ranar Asabar ne,” na ce.

“Na sani, Abba. Na haɗa kayana.”

“Duka?”

“Duka. Littattafan ne kawai za su biyo baya.” Ta kalli ƙasa. “Alkawari na yi maka.”

Na ciro fasfo ɗin na ajiye mata a cinya. Ya yi laushi saboda gumi. Ta mayar da shi jaka. Da rana na ci taliya da kifi, faranti biyu, Hajiya tana kallona tana danne dariya. Yaron ya tafi duba mota. Na ce da Hajiya a gaya masa ya duba ta a natse, ba mai bin sa.

Ta cika alkawarinta, ba wanda zai ce ba ta cika ba. Tare muka sauka, tare muka shigo gida. Ta koma ɗakinta, ta koma kujerarta a baranda. Watannin nan na ji daɗinsu, amma irin daɗin mai zaman haya ne da ya san an sa gidan a kasuwa. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai gabana ya faɗi, alhali na san ba wurina za su zo ba. A wurinmu uba ba ya ba da 'yarsa. Wurin wan uba ko ƙanensa ake zuwa.

Wata Laraba Yaya ya kira ni ya ce in same shi bayan la'asar. Na tuƙa kaina zuwa Badarawa, na bar mota a bakin titi don lungunsu ba ya shiguwa. Yana zaune a zaure a kan tabarma, ga ƙwaryar goro da ledar alawa a gefe, ba a buɗe ba.

“Mutanen Malali sun zo,” in ji shi. “Ƙanen uban da wasu dattawa biyu. Na san gidan, na sa an bincika, ban ji abin ƙi ba. Na ce su ba ni lokaci. Kai ka ga yaron, ni ban gan shi ba. Me ka gani?”

Na zo da magana cike da baki. A hanya ma sai da na maimaita ta. Da na buɗe baki sai na rasa ta inda zan kama.

“Yana salla?”

“Yana yi. Shi ke nemo mana alƙibla.”

“Ya taɓa ɗaga maka murya, ko ido?”

“A'a.”

“Ka kama shi da ƙarya?”

Na yi tunanin motar. “Ba irin wadda ake faɗa ba.”

“To mene ne aibinsa?”

“Nisa, Yaya.”

Ya daɗe yana kallona. Shi ya goya ni muna yara, ba abin da zan ɓoye masa. “Nisa ba aibi ba ne,” ya ce a hankali. “Amma 'yarka ce. In ka ce in hana, zan hana, kuma ba zan ce kai ka ce ba. Ni zan ɗauki baƙin jinin. Ita kuma na san ta, ba za ta ƙetare maganarmu ba. Za ta zauna.”

Wannan ita ce maganar da ta fi min nauyi, domin gaskiya ce. Za ta zauna. Za ta ci gaba da yanke min farce, wataƙila har da musun. Abin da na hau jirgi don shi ga shi an miƙo min a kan tabarma, kalma ɗaya kawai zan faɗa, ba kuma wanda zai san ni na faɗa. Na so in faɗa ƙwarai. Yara suna ta ƙwallo a lungu, wata mai talla ta leƙo ta koma, Yaya bai matsa min ba.

“Ka ba su,” na ce.

“Ka tabbata?”

“Ban tabbata ba. Ka ba su.”

Ya jawo ƙwaryar ya buɗe, ya ɓare goro guda ya miƙo min rabi. Na karɓa na riƙe a hannu har mota. A cikin motar na yi kuka, da gilashi a rufe, masu Keke Napep suna ta yi min hon don na tare hanya.

An ɗaura aure bayan Babbar Salla, ta bi mijinta. Shekarun da aka ce na kamfani sun ƙare an ƙara wasu, ita ma tana aiki da matar nan mai hular kwano. Suna zuwa in sun samu hutu, ba kowace shekara ba. Har yau bai taɓa cin ko dabino a gabana ba, kuma har yau ina sa masa ido.

Suna da 'ya yanzu, ta shiga makarantar yara. Ran Juma'ar da ta wuce uwarta ta kira mu ta bidiyo ta ɗora ta a cinya. Na yi mata wasan da kowane kaka ke yi wa jikarsa. Na ce, “Amaryata, kin tafi kin bar ni da tsohuwa, yaushe za ki tare? Ko kin samu wani mijin a can?”

Yarinyar ta zuba min ido, sannan ta juya ta tambayi uwarta wani abu da yarensu. Auta ta sunkuya ta yi mata bayani a kunne, ta daɗe tana yi. Yarinyar ta sake kallona, fuskarta ba dariya, ta faɗi wata gajeriyar magana.

“Me ta ce?” na tambaya.

Auta ta ɗago. “Ta ce kai ai kakanta ne, Abba.”

Na ce a gaya mata gaskiyarta ce.